Ferrari 250 GTO: Ta 1962 Da Ta 1964, Wacce Ce Ta Ainihi?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son karantawa a natse.

Yau mota za mu tattauna a kai, motar tsere ta ƙasar Italiya mai suna Ferrari 250 GTO. Na san wani zai ce, malam, me ya haɗa ɗan Mandawari ko ɗan Yakasai da motar da ko a mafarki ba zai saya ba? Ku biyo ni dai a hankali. Motar nan iri biyu ce, kuma gardamar da masana ke yi a kan iri biyun nan tana da kusanci da wata gardama tamu ta cikin gari, za mu zo wajen.

Mu fara da sunan. Lambar 250 ɗin nan girman silinda ɗaya ce, silinda kuwa 12 ne a injin, idan ka haɗa su ka samu kusan lita 3. GTO kuma taƙaitawa ce ta wasu kalmomi uku na Italiyanci, ma'anarsu motar doguwar tafiya wadda hukuma ta amince ta shiga gasa. To, wannan maganar amincewar hukuma ita ce zuciyar labarin gaba ɗaya. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da doka a wancan lokacin: kafin mota ta shiga rukunin GT, wato rukunin motocin da ake sayar wa mutane su hau titi da su, sai kamfani ya ƙera aƙalla guda 100. Ferrari guda 36 kacal ya ƙera daga 1962 zuwa 1964. Yaya aka yi ta wuce? Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya ce ai wannan ba sabuwar mota ba ce, tsohuwar motarsa ce 250 GT mai gajeren ƙashi, wadda tuni an amince da ita, ya ɗan sake mata riga ne kawai. Dokar ta yarda a canza bodi, sai hukuma ta sa hannu. Ku riƙe wannan dabarar, domin shekara biyu bayan haka zai sake gwada ta, kuma ba za ta ci ba.

Wanda ya fara aikin motar injiniya ne mai suna Giotto Bizzarrini. Damuwarsa iska ce. Tsohuwar motar tana da ƙarfi, amma gabanta a tsaye yake, idan ta kai wani gudu sai iska ta tokare ta kamar bango. Sai ya ja injin baya, ya saukar da shi ƙasa, domin hancin motar ya yi tsawo ya kwanta. Motar gwajin da ya fara haɗawa muninta ya sa ma'aikata suka sa mata suna da ke nufin Dodo. Ana cikin haka, a ƙarshen 1961, rikici ya ɓarke a masana'antar da ke garin Maranello, manyan injiniyoyi da manajoji suka bar kamfanin, har da Bizzarrini da Carlo Chiti. Enzo ya waiwaya ya miƙa ragamar aikin injiniya ga wani matashi, Mauro Forghieri, ɗan shekara 26. Ku lura fa, shekara 26. A nan wajenmu da shekarun nan har yanzu ana ce maka yaro, je ka kawo kujera.

Bodin kuwa aikin Sergio Scaglietti ne na birnin Modena, mutumin da ya fara koyon gyaran jikin mota yana ɗan shekara 13. A taƙaice dai fanalbita ne, irin waɗanda muke gani kullum a bakin titi da guduma a hannu. Da hannu yaransa suke bugun fallen alminiyam har ya lanƙwasa yadda ake so, ido ne ma'auni mafi yawan lokuta. Shi ya sa cikin motocin nan 36 babu biyu da suka yi daidai da juna ɗari bisa ɗari. Wata ƙofarta ta fi ta wata tsawo kaɗan, wata ramukan iskar gefenta biyu ne, wata uku.

A watan Fabrairun 1962 aka nuna ta ga 'yan jarida. Wannan ita ce iri ta farko, ita ce kuma hoton da ke zuwa kan mutum idan aka ce GTO. Dogon hanci, baki mai siffar ƙwai, ƙananan ramukan iska uku a samansa, rufi da ya gangaro a hankali har wutsiya, sannan wutsiyar an datse ta an ɗan ɗaga bakinta sama domin iska ta danne bayan motar. Inji mai ƙarfin doki kusan 300, kafireto 6, giya 5. A ciki babu kafet, babu ma agogon nuna gudu, sai na zagayen inji. Kuɗinta a Amurka dala 18,000, kuma kuɗin kaɗai ba ya isa, sai Enzo ko dillalinsa na Amurka Luigi Chinetti sun yarda da kai. Fitarta ta farko, a tseren awa 12 na Sebring a watan Maris na 1962, Phil Hill da Olivier Gendebien suka zo na biyu a cikin dukkan motoci, na ɗaya a rukuninsu. A Le Mans ta Faransa, tseren awa 24, GTO ta zo ta biyu da ta uku a shekarar, ta sake zuwa ta biyu a 1963. Kofin duniya na kamfanoni a rukunin GT kuwa Ferrari ya ɗauke shi a 1962 da 1963 ba tare da wani gumi sosai ba.

To ina iri ta biyu ta fito, tunda ta farkon tana cin gasa? Daga rigima ta fito. Zuwa 1963 kowa ya gane cewa makomar motar tsere ita ce a sa injin a bayan direba. Ferrari ya ƙera sabuwa a kan wannan tsari, 250 LM, ya nuna ta a birnin Faris a watan Oktoban 1963, ya kuma je wa hukuma da tsohuwar maganarsa: ai wannan ma 250 GT ce aka ɗan gyara. Wannan karon FIA ta ce a'a. Motar da injinta ya tashi daga gaba ya koma baya, ta yaya za ka ce riga kawai ka canza mata? Enzo ya fusata ƙwarai, har ya mayar da lasisinsa ga hukumar wasan ta Italiya, motocinsa na Formula 1 suka yi tsere biyun ƙarshe na 1964, a Amurka da Meziko, da fenti fari da shuɗi a maimakon jan da aka san Italiya da shi. A cikin farar mota mai shuɗi John Surtees ya zama zakaran duniya a shekarar.

Fushi dai ba ya cin kofi. Ga Ba'amurke Carroll Shelby ya taso da motarsa Cobra Daytona mai babban injin Ford, ya rantse sai ya kayar da Ferrari. Dole aka koma wa tsohuwar GTO. Aka bar mata shasinta, wato ƙashin ƙarfen da ake ɗora komai a kai, aka bar injin kusan yadda yake, aka faɗaɗa tsakanin tayoyi, aka sa tayoyi masu faɗi, sannan aka ɗinka mata sabuwar riga mai kama da ta 250 LM ɗin da aka hana. Zanen daga kamfanin Pininfarina ya fito, bugun kuma na Scaglietti ne dai. Wannan ita ce GTO ta 1964. Ta fi ta farko faɗi, ta fi ta kwanciya a ƙasa. Gilashin gaba ya kwanta sosai ya zagayo gefe. Babban bambancin yana baya: maimakon rufin nan mai gangara, sai aka yi gajeren rufi, gilashin baya ƙarami a tsaye, a lotse tsakanin ginshiƙai biyu. Idan ka gan ta daga gefe sai ka rantse injinta a baya yake, alhali yana gaba inda ya saba.

Guda 3 kawai aka ƙera sababbi a wannan siffa, masu lambar shasi 5571 da 5573 da 5575. Amma akwai wasu 4 daga cikin na farko da masu su suka mayar Modena aka cire musu tsohon bodi aka sa na 1964: lamba 3413 da 4091 da 4399 da 4675. Kenan mota 7 ce a duniya ke sanye da wannan riga.

Wacce ta fi gudu? Nan fa ake samun saɓani, kuma sakamakon 1964 bai raba gardamar ba. Sabuwar ta fara da ƙafar dama: a watan Fabrairu Pedro Rodríguez da Phil Hill suka ci tseren kilomita 2,000 na Daytona da lamba 5571. Mike Parkes ya ci na Spa a Beljiyam da sabon bodi. Amma a Le Mans, inda akwai doguwar miƙaƙƙiyar hanya da ke tona asirin kowace mota, Cobra Daytona ta Dan Gurney da Bob Bondurant ce ta ci rukunin GT, GTO ta biyo bayanta. Sannan a zagayen Faransa na motoci, tseren kwana da kwanaki a kan titunan ƙasar, wadda ta yi nasara a 1964 mai tsohon bodi ce, lamba 4153, a hannun Lucien Bianchi da Georges Berger. Ferrari ya riƙe kofin a karo na uku, da ƙyar. A 1965 Shelby ya karɓe shi. Ni a ganina rigar 1964 ta saya wa tsohuwar mota shekara ɗaya ne tak, kuma shekarar nan ɗaya ita ake nema daman.

Daga nan sai abin da ke samun kowace motar tsere ya same su: suka tsufa, suka zama kaya. Wannan ɓangaren ne ya fi ba ni mamaki. Lamba 3589 wani attajiri ya ba wata makarantar sakandare a jihar Texas kyauta domin ɗalibai su koyi kanikanci. A 1972 aka sayar da ita dala 6,500, wanda ya saya ya ajiye ta a kan tirela a fili a jihar Ohio, ta yi shekara fiye da goma ruwa da ƙanƙara suna dukanta, ciyawa ta kewaye ta. Nick Mason, mai kiɗan ganga na ƙungiyar Pink Floyd, ya sayi tasa a ƙarshen shekarun 1970 a kan ƙasa da fam 40,000, mutane na ganin ya yi wauta. Da a ce a nan ne, wallahi da tuni 'yan gwangwan sun ɗora ta a sikeli, alminiyam ɗin ya koma tukunya. Duk da haka dukkan 36 ɗin suna nan har yau, kuma kowace an san inda ta bi tun daga ranar da ta bar masana'anta.

Yanzu ku ji farashi. A 2014 aka yi gwanjon lamba 3851 a kan dala miliyan 38.1. Motar nan ta taɓa yin mummunan haɗari a watan Oktoban 1962 a filin tseren Montlhéry kusa da Faris, direbanta Henri Oreiller ya rasu, masana'anta ta sake gina ta. A 2018 aka ruwaito an sayar da lamba 4153, mai tsohon bodi, a cinikin sirri kan dala miliyan 70. A watan Agustan shekarar kuma aka yi gwanjon lamba 3413, mai rigar 1964, a kan dala miliyan 48.4, wanda a lokacin babu motar da ta taɓa kai wa haka a gwanjo. Ku buga da canjin yau da kanku, ni kaina ya ɗauki zafi. Abin lura shi ne, ta 1964 ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba, amma masu kuɗin sun fi son siffar 1962. Ƙarancin abu shi kaɗai ba ya sa masa daraja kenan. Ko da yake cinikin sirri da gwanjo ba ɗaya ba ne, kuma kowace mota da irin kofunan da ta ci.

Mu tsaya a kan lamba 3413, domin ita ce ta haɗa iri biyun a jiki ɗaya. Ita ce ta uku da aka ƙera, an haife ta da bodin 1962. Edoardo Lualdi-Gabardi ya ci kofin GT na Italiya da ita a shekarar. Gianni Bulgari, na gidan masu sayar da gwala-gwalan nan, ya ci rukuninsa da ita a Targa Florio ta 1963, tseren da ake yi a kan duwatsun tsibirin Sisili. Sai ta faɗa hannun Corrado Ferlaino. Masu kallon ƙwallo ku buɗe kunne: wannan Ferlaino shi ne daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Napoli, shi ya kawo Maradona a 1984. Shi ne ya kai motar wajen Scaglietti aka sa mata rigar 1964, ya kuma ci rukuninsa da ita a Targa Florio ta shekarar. Tambaya: motar nan ta 1962 ce ko ta 1964? Jabu ce, tunda an jefar da fatarta ta asali? Masana sun ce ta ainihi ce, hujjarsu kuma uku ce. Ƙashinta na nan da lambarsa. Waɗanda suka ƙera ta tun farko su suka canza mata riga, a lokacin da take bakin aiki, saboda aikin. Kuma akwai takarda da hoto a kan kowane mataki.

A ɗaya gefen kuma akwai ɗaruruwan motoci masu siffar GTO sak, wasu an ɗora su a kan Datsun ta Japan, wasu ma an yanka wata tsohuwar Ferrari mai araha an yi su da ita. Za ka iya ganin wadda ta fi ta ainihin sheƙi. Babu mai kiranta GTO. A 2019 wata kotu a birnin Bologna har hukunci ta yanke cewa siffar motar aikin fasaha ce da doka ke karewa. Shi kansa kamfanin yana da sashe guda, Ferrari Classiche, aikinsa duba tsofaffin motoci da kundin masana'anta a hannu, lamba bayan lamba, kafin ya ba da shaida.

To mu dawo gida. Italiya ba baƙuwarmu ba ce a harkar abin hawa. Iyayenmu sun hau Vespa. Adaidaita sahun da muke shiga kullum jikar Piaggio Ape ce ta 1948, ta biyo ta Indiya ta zo mana. A kan titin Zariya masana'antar NTM ta harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat, kuma Fiat ɗin nan tun 1969 ya sayi rabin kamfanin Ferrari. Amma je ka Ƙofar Ruwa ka ga yadda tsohuwar mota ke ƙarewa. Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, wadda ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ana farfasa ta cikin yini guda. Ban ga laifin masu sana'ar ba, abincinsu ne, kuma da kayan da suke cirewa wasu motocin ke rayuwa. Sai dai babu wanda ya ɗauki nauyin ware ko guda ɗaya cikin dubu ya ce wannan a bar ta da takardunta, jikokinmu su gani.

Wadda ta fi mota girma ita ce ganuwa da ƙofofinta. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Ginin ƙasa kuwa kowa ya sani sai da yaɓe, damina ta ci, rani a mayar. Kenan ganuwarmu ta sha canza riga fiye da lamba 3413 sau ɗari, kuma duk canjin nan tarihinta ne, domin masu ita ne suka yi, a kan tushenta, saboda aikinta. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO na jiran tantancewa. Shekara uku bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina wata da siminti. Ban ce titi ba ya buƙatar faɗi ba, duk mai bin hanyar nan da safe ya san cunkosonta. Amma idan muka ɗauki ma'aunin nan uku na masanan mota muka ɗora, sabuwar ƙofar ta fi kama da GTO ɗin da aka ɗora a kan Datsun: suna na nan, siffa ta yi kusa, ƙashin ya tafi. Ana iya yanka titi ta gefe a bar tsohuwar a tsaye. Abin da ya rage mana mai kama da lambar shasi shi ne irin ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofi da ke ajiye a Gidan Makama, da guntayen ganuwar da masu ɗiban ƙasa da masu gini ba su kai gare su ba tukuna. Ku da kuke da waya mai kyamara a aljihu, hoton guntun ganuwar unguwarku da kwanan wata a jikinsa takarda ce, irin wadda ake nema a rasa bayan shekara talatin.

Wani ya tambaye ni wacce zan ɗauka cikin biyun da a ce za a ba ni. A ido, ta 1962 ta fi kyau, ban ma tsaya gardama ba, layinta ɗaya ne daga hanci har wutsiya kamar an zana shi da numfashi guda. Ta 1964 kuwa kana ganinta ka ga rigima: rigar wata mota ce da aka hana shiga fili, aka ɗora wa yayarta. Amma ni 3413 zan nuna. Cikin duk waɗanda suka mallake ta bayan Ferlaino, har da Greg Whitten, tsohon injiniyan Microsoft da ya riƙe ta daga shekarar 2000, kowannensu yana da kuɗin da zai sa a buga mata sabon bodi irin na 1962, wanda kasuwa ta fi so. Babu wanda ya yi. Ranar da aka buga mata guduma a gwanjon 2018, rigar da Scaglietti ya ɗinka mata a 1964 ce a jikinta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.